Tony O'Reilly: daga filin zari-ruga zuwa shugabancin Heinz, daga nan sai kotu. A ina aka samu tangarɗa?

Sabo_Ɗanwasa:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana zari-ruga da masana harkar kuɗi na wannan zaure. Tony O'Reilly, ɗan ƙasar Ireland, ya rasu a watan Mayun 2024 yana da shekara 88. Yana ɗan shekara 18 ya fara buga wa ƙasarsa, ya zo ya shugabanci kamfanin abinci na Heinz da ke Amurka, ya mallaki jaridu a Turai da Afirka da Ostireliya, amma a 2015 kotu a Bahamas ta ayyana cewa ya karye. A ganina sunan da ya yi a fili ne ya ɗora shi a kan kujerun nan, da aka zo wurin da ake buƙatar iya lissafi sai asiri ya tonu. Akwai mai ja?

Lamba14:
Wa'alaikumus salam. Malam Sabo, bari mu fara da filin tukuna, don a san girman sunan da ake magana a kai. Ireland ya buga mata wasa 29 daga 1955 zuwa 1970, ya ci tirai (wato dangwala ƙwallo a bayan layin gidan abokan hamayya) huɗu kacal. Ba a nan ya yi suna ba. Ya yi suna ne a tawagar Lions, wadda ke haɗa zaratan Ingila da Scotland da Wales da Ireland. Ya bi su Afirka ta Kudu a 1955, sannan Ostireliya da New Zealand a 1959. A manyan wasanni goma da ƙasashen nan ya ci tirai shida, kuma har yau babu ɗan Lions da ya kamo shi. A ƙungiyar Barbarians ma, wadda ake gayyato mata zaɓaɓɓun 'yan wasa, wasa 30, tirai 38.

Ummi_Z:
To yaya mutum ɗaya zai ci huɗu a wasa 29, ya kuma ci shida a wasa goma? Ƙasarsa ce ba ya so ya yi wa ƙoƙari?

Lamba14:
A'a 'yar uwa, matsayinsa ne ya jawo. A cikin 'yan wasa 15, takwas na gaba ne masu ture-ture da ƙwato ƙwallo, bakwai na baya masu gudu. Ɗan gefe, mai lamba 11 ko 14, shi ne a can ƙarshen layi. Tunda ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe, kafin ta iso gare shi sai ta bi ta hannun mutum huɗu ko biyar, kuma kowannensu yana iya riƙewa ko ya buga ta da ƙafa. A wancan zamanin doka ta yarda ka buga ƙwallo kai tsaye waje daga ko'ina a fili, a dawo a yi jifa daga inda ta fita. Don haka ƙungiyoyi da yawa sai su yi ta buga ta waje suna matsawa gaba kaɗan-kaɗan. A wasan Scotland da Wales na 1963 sai da aka yi jifar gefe sau 111. Ɗan gefe a irin wannan wasa sanyi kawai yake sha. Sai a ƙarshen shekarun 1960 aka taƙaita dokar zuwa kusa da gidanka. Su kuwa Lions na 1955 suna da Cliff Morgan a lamba 10 da Jeff Butterfield a tsakiya, masu sakin ƙwallo da wuri, ga filayen Afirka ta Kudu busassu masu tauri. Mai tsawo da gudu irin O'Reilly abin da yake nema ke nan.

Baba_Ilu:
Wasan farko na 1955 a Ellis Park da ke Johannesburg, 23 da 22 Lions suka ci, a gaban mutane kusan 95,000. Van der Schyff ne ya ɓarar da bugun ƙarshe da zai ba masu gida nasara. An tashi biyu da biyu a wasanni huɗun. Na 1959 a Dunedin shi ne abin takaici: Lions tirai huɗu, ɗaya na O'Reilly, New Zealand ko ɗaya, amma Don Clarke ya buga fanareti shida aka tashi 18 da 17. Lokacin tirai maki uku ne, daidai da fanareti. An mayar da shi huɗu a 1971, biyar a 1992. Da lissafin yau 25 da 18 za a tashi, Lions ke da nasara.

Sabo_Ɗanwasa:
Baba, ai kun ƙara min hujja. Yaro ɗan shekara 19 mutum 95,000 suna kallonsa, wane ofis zai shiga a hana shi kujera?

Hajiya_Akanta:
Malam Sabo, suna yana buɗe ƙofa, wannan ba a musu. Amma duba abin da ya yi bayan ya shiga. Kafin Agustan 1995 ba a biyan ɗan zari-ruga albashi, wanda aka kama ya karɓi kuɗi ma korarsa ake yi. Dole kowa ya riƙe sana'a. O'Reilly yana wasa yana karatun lauya a Dublin. A 1962, yana da shekara 26, aka ba shi ragamar hukumar sayar da madara da bota ta Ireland. Kafin zuwansa botar Ireland a dunƙule ake kai ta Birtaniya, babu suna, dillalai su gauraya da ta wasu ƙasashe su sa nasu tambarin. Kamar manomin da ke sayar da shinkafa shanshera ne, mai sussuka da ɗinke buhu da buga suna shi ke kwashe ribar. Abin da ya yi: aka zaɓi suna ɗaya, Kerrygold, aka yanka botar ƙanana daidai sayen uwar gida, aka naɗe a takarda mai ruwan zinariya, aka daidaita inganci tsakanin masana'antun ƙungiyoyin manoma don kada yau ta yi gishiri gobe ta yi lami. Kuma ba a watsa ta a duk Birtaniya lokaci guda ba, an fara da yankin Manchester, aka zuba talla a nan, aka ga yadda take tafiya. Wannan ba aikin ɗan gudu ba ne, aikin wanda ya fahimci kasuwa ne.

Ɗan_Kanti:
Ashe Kerrygold ɗin madarar gari da ake gani a shagunan Najeriya daga nan ta samo asali.

Hajiya_Akanta:
Ita ce. Hukumar yanzu Ornua ake kiranta, tun 2015. A Amurka botar ce ta biyu a ciniki. Abin lura shi ne O'Reilly bai mallaki ko kwabo a cikinta ba, ta ƙungiyoyin manoma ce, shi ma'aikaci ne. Cikin duk abin da ya taɓa, ita ce ta fi daɗewa da ƙarfinta.

Tukur_MBA:
A Heinz ma ba a sama ya faɗo ba. 1966 ya koma kamfanin sukari na gwamnatin Ireland, wanda ke da reshen abinci mai suna Erin da ke ta asara. Ya ƙulla haɗin gwiwa tsakanin Erin da Heinz, a nan suka gan shi. 1969 shugaban reshen Birtaniya, 1971 aka kira shi hedikwata a Pittsburgh, 1979 babban jami'in gudanarwa, 1987 shugaban hukumar daraktoci, mutum na farko da ba ɗan gidan Heinz ba da ya hau wannan kujera. A Pittsburgh wa ya san Lions? Can ƙwallon Amurka suke kallo. Darajar kamfanin a kasuwa ta tashi daga kusan dala miliyan 900 zuwa sama da biliyan goma a zamaninsa. Hanyar ba ɓoyayya ba ce: rage kuɗin sarrafa kowace kwalba da kowane gwangwani, rufe masana'antar da ba ta biyan kanta, a ɗauki abin da aka rage a zuba a tallar 'yan kayayyakin da ke kan gaba, wato ketchup, kifin gwangwani na StarKist, abincin jarirai da Weight Watchers da suka saya a 1978.

Auwal_Jarida:
Malam Tukur, ka faɗi rabi. Rage kashe kuɗi da ƙara farashi yana da iyaka. A shekarun 1990 cinikin Heinz ya daina haɓaka yadda aka saba, manyan asusun fansho masu hannun jari suka riƙa ƙorafin cewa hukumar daraktoci cike take da mutanensa, babu mai ce masa a'a. Ga kuma tambayar da aka daɗe ana yi: mutum yana shugabancin kamfani a Pittsburgh, ƙarshen mako ya hau jirgi zuwa Dublin ya duba jaridunsa da kamfanin zuba jarinsa Fitzwilton da masu haƙar mai da tama. Hankali nawa mutum ɗaya yake da shi?

Baba_Ilu:
Tun a 1970 aka ga alamar haka. Shekara bakwai rabonsa da rigar Ireland, yana shugaban Heinz na Birtaniya, wani ɗan gefe ya ji rauni aka kira shi ya buga da Ingila a Twickenham. Labarin da ya shahara shi ne direba ne ya kawo shi wurin atisaye a motar alfarma. An ci Ireland 9 da 3, kuma daga nan bai sake buga mata ba.

Ummi_Z:
To in ma'aikaci ne a Kerrygold, ma'aikaci ne a Heinz, ina ya samo dukiyar?

Tukur_MBA:
Hanya biyu. Ta farko, Heinz tana ba shi damar sayen hannun jarinta nan gaba a kan farashin yau. Misali a rubuta maka cewa za ka iya sayen hannu miliyan ɗaya a kan dala 10 kowanne cikin shekara goma. In farashi ya kai 40, ka saya a 10, bambancin 30 sau miliyan naka ne. In bai tashi ba, takardar banza ce. Ta haka a 1991 abin da ya samu ya kai kusan dala miliyan 75, ya fi na kowane shugaban kamfani a Amurka a shekarar. Ta biyu, a 1973 ya sayi ikon kamfanin jaridar Independent ta Dublin daga iyalin Murphy, ya riƙa faɗaɗa shi da bashi: jaridun yankuna a Ostireliya, New Zealand Herald, Independent ta Landan, Belfast Telegraph a 2000 a kan kusan fam miliyan 300.

Auwal_Jarida:
Kada a manta da Afirka. A 1982 Heinz ta sayi kashi 51 na Olivine, kamfanin man girki da sabulu a Zimbabwe, gwamnatin Mugabe ta riƙe 49. A 1994, daidai lokacin zaɓen farko na kowa da kowa, ya karɓi jaridun Argus na Afirka ta Kudu daga hannun rukunin Anglo American, ciki har da The Star da Cape Argus. Yana da kusanci da Mandela, har Mandela ya taɓa hutu a gidansa na Bahamas. Sai dai 'yan jaridar can sun daɗe suna kukan cewa ribar da suke samarwa Dublin ake kai ta don biyan bashi, ana rage musu ma'aikata. An sayar da reshen a 2013.

Sabo_Ɗanwasa:
To ai mun dawo gida. Duk wannan basira, me ya kai shi kotu?

Hajiya_Akanta:
Waterford Wedgwood, kamfanin kofunan gilashi masu tsada da farantan tangaran. Ya shiga a 1990 tare da bankin Morgan Stanley lokacin kamfanin na fama, kuma da farko ya farfaɗo. Sun fito da samfuri mai rahusa, Marquis, da ake yi a wasu ƙasashen Turai, cinikin Amurka ya bunƙasa, har ƙwallon da ake saukarwa a Times Square daren shiga 2000 da gilashin Waterford aka yi ta. Bayan haka abubuwa uku suka haɗu. Ana biyan ma'aikata da yuro da fam, amma babban cinikin gilashin da dala ake yi, dala kuwa ta yi ta faɗuwa daga 2002, don haka ko an sayar da adadi ɗaya kuɗin da ke dawowa gida ya ragu. Na biyu, gilashin da ake hurawa da baki a sassaƙa da hannu, kuɗin ƙwadagonsa ba ya raguwa don ciniki ya ragu, ga tanderun narka gilashi da ba a kashewa dare da rana. Na uku, amaren Amurka da Birtaniya sun daina sa irin waɗannan kaya a jerin kayan aure, suna son abin da za a jefa a injin wanki. Maimakon a rage girma sai aka ƙara, aka sayar da All-Clad mai kawo riba a 2004, aka sayi Royal Doulton mai irin ciwon a 2005.

Lauya_Nura:
Hajiya ta kawo ciwon kamfanin. Ni zan kawo yadda ciwon ya tsallaka jikin mutumin, don nan ne amsar Malam Sabo take. Kamfani mai rajista daban yake da mai shi. In ya rushe, abin da ka zuba ne ya tafi, ba a taɓa gidanka. O'Reilly da surukinsa Peter Goulandris sun zuba kusan yuro miliyan 400 a Waterford Wedgwood. Duk lokacin da kamfanin ya fitar da sababbin hannayen jari don neman kuɗi, su ne ke tsayawa cewa abin da sauran masu hannu suka ƙi saya za su kwashe. Da nasa tsabar kuɗin kawai ya zuba, da asara ce mai zafi, shi ke nan. Amma bai so ya sayar da hannun jarinsa na jaridu ya rasa iko, sai ya ci bashin banki, ya jinginar da hannayen, ya kuma sa hannu cewa shi da kansa ya tsaya wa bashin. Ribar da jaridun ke rabawa duk shekara ita ke biyan kuɗin ruwa. Matuƙar farashin hannun na sama kuma ana raba riba, babu wanda zai ga matsala.

Ɗan_Kanti:
Sai 2008 ta zo.

Lauya_Nura:
Sai 2008 ta zo. Talla ta ƙafe a jaridu, intanet ta riga ta kwashe tallar gidaje da motoci da guraben aiki. Kamfanin jaridun na ɗauke da bashin da ya haura yuro biliyan ɗaya, ga wata takardar bashi ta miliyan 200 da wa'adinta ke cika a Mayun 2009, babu bankin da zai sabunta. Aka dakatar da rabon riba. Aka biya masu bin bashin da sababbin hannayen jari, kason tsofaffin masu hannu ya tsuke. A Janairun wannan shekarar kuma Waterford Wedgwood ta faɗa hannun wakilin masu bin bashi. Ka ga cikin 'yan watanni abin da aka sayo da bashin ya zama sifiri, jinginar ta zube, kuɗin da ke biyan ruwa ya tsaya, bashin kuwa yana nan yadda yake har da ƙari. A Yunin 2014 bankin AIB ya samu hukunci a kansa a kotun kasuwanci ta Dublin na yuro miliyan 22.6. Lauyoyinsa sun nemi a ba shi watanni ya sayar da kadarori a tsanake, alƙali ya ƙi. Aka sayar da gidansa na Castlemartin da ke Kildare ga attajirin Amurka John Malone.

Auwal_Jarida:
Barista, ka tsallake Denis O'Brien, attajirin harkar waya ɗan Ireland. A 2001 rukunin O'Reilly ya kayar da nasa wajen sayen kamfanin waya na Eircom. Daga baya O'Brien ya yi ta sayen hannun jarin jaridun, yana sukar yadda ake tafiyar da su, musamman Independent ta Landan da ke cin kuɗi duk shekara. O'Reilly ma ya ƙara saye don kare kujerarsa, a farashin sama. Ya sauka a 2009, aka sayar da ta Landan ga Alexander Lebedev a kan fam ɗaya a 2010, ɗansa Gavin da ya gaje shi ya bar kujerar a 2012. O'Brien ɗin ma ɗaruruwan miliyoyi ya yi asara. Ba wanda ya ci wannan faɗan.

Sabo_Ɗanwasa:
To na sauya salon tambayar. Ba rashin lissafi ba ne, halin ɗan wasa ne: ba a barin fili sai an busa tashi. Ɗan kasuwa na gaske da tuni ya yanke asara ya fita.

Lamba14:
Wannan ma ban yarda ba, Malam Sabo. David Kirk, kyaftin ɗin New Zealand da ya ɗaga kofin duniya na farko a 1987, a shekarar ya bar buga wa ƙasarsa yana da shekara 26, ya tafi Oxford. Likita ne, ya yi aiki a McKinsey, kamfanin ba da shawara kan kasuwanci, ya shugabanci kamfanin jaridu na Fairfax daga 2005 zuwa 2008, sannan ya koma zuba jari a kamfanonin fasaha. Ka ga ɗan zari-ruga da ya san lokacin tafiya. Franck Mesnel na Faransa, wanda ya buga wasan ƙarshen nan da su Kirk, ya kafa kamfanin tufafi na Eden Park, sunan filin da aka ci su, yana nan har yau. Wasa ɗaya, hali daban-daban.

Hajiya_Akanta:
Kuma masu gidaje da filaye nawa ne a Ireland suka karye a 2008 ta wannan hanya ta tsaya wa bashi da kai, waɗanda ba su taɓa riƙe ƙwallo ba? Ni abin da na fi gani shi ne bambancin kujera. A Heinz kuɗin mutane yake juyawa, akwai masu binciken kuɗi, akwai masu hannun jari, reshen da ba ya kawo riba sai a datse. A Waterford kuɗinsa ne, sunansa ne, ga alfaharin ƙasa, kuma babu wanda ya isa ya ce ya tsaya.

Tukur_MBA:
Hajiya, amma Malam Auwal ya ce a Heinz ɗin ma babu mai ce masa a'a. Ni na fi ɗora laifin a kan nau'in kayan. Ketchup ana saye ko da tattalin arziki ya karye. Kofin gilashi na dala ɗari da jaridar takarda su ne farkon abin da ake bari. Ya fita daga mai ƙarfi ya tara dukiyarsa a masu rauni biyu, ya kuma ɗaure su da igiyar bashi ɗaya.

Ummi_Z:
'Yan wasan yanzu da ake biya albashi fa, sun fi su O'Reilly samun sauƙi in sun yi ritaya?

Lamba14:
Ta wani ɓangaren sun fi shan wuya. Yaro yana shiga makarantar horon kulob tun yana 17 ko 18, atisaye kullum, babu lokacin digiri ko koyon aiki. Ya kai 32 gwiwa da kafaɗa sun gaji, albashin kuma bai kai na ƙwallon ƙafa ba balle ya zauna ya ci har tsufa, sai ya fara neman aiki tare da yaran da ya girma da shekara goma. Kulob ɗin ma ba tabbas. Worcester da Wasps sun rushe a 2022, London Irish, wadda O'Reilly ya taɓa buga wa, ta bi su a 2023, 'yan wasa suka wayi gari babu kwantiragi. Shi ya sa ƙungiyoyin 'yan wasa a Ireland da Ingila da New Zealand suke da jami'ai na musamman masu tura su karatu da gwajin aiki tun suna wasa.

Baba_Ilu:
A dai riƙa tunawa da asusun Ireland Funds da ya kafa a 1976 tare da Dan Rooney mai ƙungiyar Pittsburgh Steelers, don 'yan asalin Ireland da ke Amurka su ba da kuɗinsu ga zaman lafiya da ilimi maimakon masu sayen makamai a rikicin Arewacin Ireland. Yana aiki har yanzu.

Lauya_Nura:
Haka ne Baba. A kuma tuna da ma'aikatan masana'antar Kilbarry a Waterford. Da aka rufe ta a farkon 2009 sun mamaye ta makonni suna zaman dirshan, sannan suka tarar asusun fanshonsu ba zai biya ko rabin abin da aka yi musu alkawari ba. Gwamnatin Ireland suka kai ƙara, ba O'Reilly ba, don ita ce ba ta yi dokar kare fansho in kamfani ya rushe ba, kuma kotun Tarayyar Turai ta ba su gaskiya a 2013. Sunayen Waterford da Wedgwood kuwa wani kamfanin zuba jari na Amurka, KPS, ya saye su daga wakilin masu bin bashi ba tare da tsohon nauyin ba, ya sayar wa Fiskars na Finland a 2015.

Ɗan_Kanti:
Barista, tambaya a kan tsaya wa bashin nan. In banki ya dage sai mai kamfani ya sa hannu da kansa, akwai yadda za a rage haɗarin, ko sai dai a haƙura da bashin?

Lauya_Nura:
Akwai, in an nema kafin a sa hannu. A rubuta iyakar adadin da ka tsaya wa, kada a bar shi a buɗe ya haɗa da duk bashin da kamfanin zai ci nan gaba. A ɗaure shi da bashi guda, da ranar ƙarewa. A cire gidan da iyali ke ciki. In ku biyu ne, a rubuta kason kowa, in ba haka ba banki zai bi wanda ya fi sauƙin kamawa ya karɓi duka. A kuma duba sharaɗin da ke cewa in ka gaza a bashi ɗaya sauran duk sun zama na biya nan take, don shi ne ke sa bankuna su yi rige-rigen zuwa kotu. Bankin ba lallai ya yarda da duka ba, ya danganta da wanda ya fi buƙatar wani a ranar.

Sabo_Ɗanwasa:
Na ji, amma har yanzu ina nan kan cewa ba don Ellis Park ba, babu mai ba ɗan shekara 26 hukumar madara ta ƙasa guda. Lamba14, tirai nawa ne jimilla a Lions, 37 ko 38? Ina ganin duka biyun.

Lamba14:
Majiyoyi sun bambanta a kan lissafin. Ko wanne ka ɗauka, shi ne a sama.